Kan Mujiya a Tsakiyar Hunturu

A jihar New Hampshire, can arewa maso gabashin Amurka, akwai duwatsu 48 da tsayin kowannensu ya kai ƙafa 4,000, akwai kuma mutanen da suka ɗaura wa kansu alkawarin sai sun taka kan kowane ɗaya. Ƙungiyar masu hawan dutse ta Appalachian Mountain Club, wadda aka kafa a Boston a 1876, ita ke riƙe da rajistar masu kammalawa tun 1957. Wanda ya gama sai ya aika da takarda, a ba shi ɗan baje ya ɗinka a jikin jakarsa. Kusan iyakar ladan ke nan. A cikin duwatsun akwai guda ɗaya da yawancin mutane ke ta ɗagawa, yau a ce gobe, har sai ya rage daga shi sai wani: Owl's Head, wato Kan Mujiya.

Ba tsawo ne da shi ba. Ƙafa 4,025 ne, da ƙyar ma ya samu shiga jerin. Nisa ne ke kashe wa mutane gwiwa, don daga inda ake ajiye mota zuwa ƙololuwarsa da dawowa mil 18 ne ta hanyar da aka saba bi, kusan kilomita 29. Shi kaɗai ne a cikin 48 ɗin da hukuma ba ta fitar wa hanya har sama ba. Sannan in ka iso babu abin kallo, itatuwa sun lulluɓe kan dutsen ruf. Ka kwashi tafiyar rabin yini, ka tarar da ɗan tsibin duwatsu a tsakiyar kurmi, ka dube shi, ka juyo.

Maƙwabcina ne ya ja ni. Dattijo ne, malamin sakandare da ya yi ritaya, Baba nake ce masa, shi kuma yana amsawa. Ya daɗe da gama 48 ɗin da rani, yanzu yana sake bin su a hunturu, wanda lissafinsa daban ne: ba a ƙirga maka dutse sai ka hau shi tsakanin ranar da kalanda ta ce hunturu ya shigo, wajen 21 ga Disamba, da ranar da ta ce ya fita, wajen 20 ga Maris. Ko dusar ƙanƙara ta kai ƙugu a farkon Afrilu, kai ka sani, ba ta cikin lissafi. Waɗanda suka fara kammala jerin a hunturu mata da miji ne, Miriam da Robert Underhill, a Disambar 1960, dukansu sun haura shekara sittin. Su ne Baba ke jawowa duk lokacin da 'yarsa, wadda nas ce, ta yi masa maganar gwiwarsa.

"Samari, Kan Mujiya ya fi sauƙi a hunturu," in ji shi. "Laka ta daskare, saiwoyi da duwatsu sun binne, rafuka sun rufe, babu ƙudan cizo. In dai an fasa hanya."

Fasa hanya shi ne wani ya riga ka bi bayan zubar dusa ta ƙarshe, ya tattake ta har ta danne. In an yi haka, tafiya ce kawai mai tsawo. In ba a yi ba, kai ne za ka yi, kuma mil ɗaya na iya cin awa ɗaya da rabi ko fiye. Saboda haka masu hawan dutse a hunturu ba su da zance da ya wuce wannan. Wa ya shiga jiya? Su nawa? Har sama suka kai ko sun juyo? Baba ya samu labarin cewa wasu sun shiga ranar Alhamis, an kuma ɗan yi yayyafin dusa daren Juma'a. Muka tsayar da Asabar.

Tun cikin dare muka bar gida mu uku, da Baba da 'yarsa da ni, muka miƙi babban titi mai lamba 93 zuwa arewa, tafiyar kamar awa biyu daga Boston. A garin Lincoln muka karkata gabas a kan titin Kancamagus, muka ajiye mota a Lincoln Woods. Na yi sallar asuba a gefen mota da alwalar gida. Ma'aunin motar ya nuna sifili, amma sifilin Amurkawa ne, na Faranhait, wanda a Salshiyas ya kama 18 ƙasa da sifili. A irin wannan sanyi gashin hanci na daskarewa da shaƙar farko, dusa kuma in ka taka sai ta yi ƙara, ƙiƙiƙi, ba ta yi maka laushi ba.

Takalmin dusar ƙanƙara ba takalmi ba ne da ake zura ƙafa ciki. Wani faffaɗan abu ne mai tsawon kamu ɗaya da ɗoriya, ana ɗaure shi a ƙarƙashin but ɗinka da maɗauran roba. Dabarar tafin raƙumi ce a kan rairayi: a baza nauyi a wuri mai faɗi don kada ƙafa ta nutse. 'Yan asalin wannan yanki, su Abenaki da maƙwabtansu, suna yin nasu da lanƙwasasshen itace da saƙar tsirkiya tun kafin zuwan Turawa, daga gare su baƙin suka koya. Na yanzu na gorar ruwa ne da roba, da haƙoran ƙarfe a ƙasa masu cizon ƙanƙara. Yatsu ne kawai a ɗaure, diddige a sake yake, shi ya sa ake iya tafiya kusan yadda aka saba, sai dai a ɗan wara ƙafafu. Baya ne ba ya yiwuwa. Wanda ya yi ƙoƙarin ja da baya zai zauna ba shiri.

Akwai kuma ladabi a cikin sa shi. Mai tafiya da but zalla a kan hanyar da aka fasa yana barin ramuka masu zurfin gwiwa, su daskare da dare, gobe wani ya karya ƙafa a ciki. Ban ga abin da ke ɓata wa Baba rai kamar waɗannan ramuka ba. Mutum ne mai haƙuri, amma in ya gan su sai ka ji yana zagin wanda bai taɓa gani ba.

Kafin mu tashi 'yar ta sa na tuɓe babbar rigar sanyi na cusa a jaka. Na dube ta. Ta ce, "Fara tafiya kana jin sanyi. Minti goma za ka ɗumama. Gumi ne abokin gaba a nan, ba sanyi ba." Suna da wata magana da suke maimaitawa, wai auduga na kisa, domin in ta jiƙe ba ta bushewa, sai ta riƙa zuƙe ɗumin jiki. Daga singileti har safa, komai sai na ulu ko na roba. Gorunan ruwa kuma an cika su da tafasasshen ruwa, an zura su cikin safa mai kauri, an kifa su kai a ƙasa, saboda ruwa daga sama yake fara daskarewa, in gora na tsaye murfin ne zai toshe.

Ana fara tafiyar da tsallake wata gada mai lilo a kan reshen gabas na kogin Pemigewasset. Daga nan hanya ta miƙe sambal, faffaɗa, ba hawa ba gangara, har ta ba ni mamaki a hasken tocilar goshi. Ba a samun irin wannan miƙewa a daji sai da dalili. Layin dogo ne. Da rani har katakan da aka shimfiɗa ƙarafa a kai ana gani, suna sa masu tafiya tuntuɓe, yanzu dai dusa ta rufe su. A gefe ɗaya akwai layuka biyu siriri na masu zamiya a kan dogayen katako, an kuma gargaɗe ni kada in taka musu.

Mai dogon wani attajirin katako ne, James Everell Henry. Bayan ya gama da kwarin Zealand da ke can arewa, ya sauko Lincoln a 1892, ya mallaki dajin wannan kwari, ya shimfiɗa dogon da ake kira East Branch and Lincoln. Garin ma kusan nasa ne: injin yanka katako nasa, gidajen ma'aikata nasa, kantin da suke sayayya nasa. Reshen dogo ya bi kusan kowane rafi, a gefensa aka kakkafa sansanonin masu sara, ba suna sai lamba. Har yau akwai wurin da ake kira Thirteen Falls a bayan Kan Mujiya, daga sansani na 13 ya samo sunan. Kuma aikin hunturu ne, don a kan dusa dawaki suka fi iya jan gungume zuwa bakin dogo. Wato sanyin da mu muka shigo don nishaɗi, da riguna masu tsada, a cikinsa ɗaruruwan maza suka yi ta kwana da tashi, da yawansu 'yan ci-rani daga Kanada masu jin Faransanci, da gatari da zarto da rigar ulu. Henry ya mutu a 1912, 'ya'yansa suka sayar wa kamfanin Parker-Young a 1917, jirgin katako na ƙarshe ya fita a 1948.

Gari ya waye muna kan wannan miƙaƙƙiyar hanya. A mil 2.6 muka bar ta, muka shiga wata siririya zuwa hagu wadda ta kai mu wani ɗan tafki, Black Pond, ya daskare fari fat. Daga bakinsa aka fara hango ƙarshen dutsen ta kudu, baƙi-baƙi, kamar za ka miƙa hannu. Hangen Dala ba shiga birni ba. A nan hanyar hukuma ta ƙare. Taswira ba ta nuna komai daga tafkin zuwa arewa, amma ga wani kwari mai faɗin mutum ɗaya ya ratsa cikin itatuwa, an tattake shi, yayyafin daren jiya ya ɗan rufe shi da abin da bai fi tafin hannu ba. Yanke ne da masu hawa suka gano don kauce wa tsallake manyan rafuka biyu, Franconia da Lincoln, waɗanda ba su da gada a wurin. Da shi da wani yanken da ke gaba, tafiyar na raguwa zuwa kamar mil 16.

Wannan yanki na tafiyar ya fi kwanta mini. Babu fenti a jikin itace, babu allo, babu komai sai sawun mutanen da ba mu sani ba, kuma a kan hankalinsu muke tafiya. Inda suka kauce wa fadama muka kauce. Inda jagoransu ya ɗan ɓata ya yi gwiwa ya dawo, mu ma muka yi wannan gwiwar, don bin karkatacciyar hanya da aka fasa ya fi sauƙi a kan fasa miƙaƙƙiya. Baba yana duba kamfas lokaci-lokaci, ya ce sawu ba alƙali ba ne, wanda ya riga ka ma yana iya zama ɓatacce. Na gwada taka ƙafa ɗaya a wajen kwarin, da takalmin da komai, na nutse har gwiwa.

Ba mu kaɗai ke amfani da hanyar ba. Sawun zomon nan na arewa ya yi ta gittawa, wanda ke rikiɗa daga ruwan ƙasa zuwa fari in hunturu ya zo, mai faffaɗan ƙafafun baya da ba sa nutsewa. A wani wuri kuma mus, ƙaton dabbar nan dangin barewa mai tsayin doki, ya bi kwarin na ɗan lokaci ya bar ramuka masu zurfi. Shi dai Baba bai zage shi ba.

Mun fito kan hanyar da ke bin rafin Lincoln, ita ma tsohon reshen dogo ce, muka bi ta muna ɗan hawa a hankali. A nan ne mutum ke cikin abin da dokar Amurka ke kira daji na ainihi, Pemigewasset Wilderness, kimanin eka 46,000, mafi girma a jihar. Majalisar dokoki ce ta ayyana shi a 1984 a ƙarƙashin wata doka ta 1964. A cikinsa ba mota, ba keke, ba zarto mai inji. Ayari ba ya wuce mutum goma. Allunan da ke mararraba ba su faɗin nisa. A 2009 ma hukumar gandun daji ta cire wata gada mai lilo da ke can cikin dajin ba ta mayar da wata ba. Waya ba ta kamawa, batirinta ma sai an ɓoye ta a ƙirji. Wanda ya ji ciwo a nan zai jira sa'o'i da yawa kafin masu ceto su iso shi da ƙafa, jihar kuma tana da dokar da ke ba ta damar cajin mutum kuɗin ceto in an ga sakacinsa ne. Shi ya sa kowannenmu ke ɗauke da kayan kwana ɗaya da ba ya fatan buɗewa, shi ya sa kuma Baba ya yanka lokaci tun a mota: ƙarfe ɗaya na rana, ko muna ina, mun juya.

Tsallake rafi a hunturu abu ne na kasa kunne. Ƙanƙara ta rufe shi, dusa ta hau kai ta zama gada, amma ruwan na nan yana gudu a ƙasa, kana jin gunjinsa ta tafin ƙafa. Ɗaya bayan ɗaya ake bi, a kwance maɗaurin jaka na ƙugu, a caka sanda kafin a taka. A tsallakawa ta ƙarshe akwai wani rami a gefen gadar, baƙin ruwa na wucewa ta ciki da sauri. Ban tsaya kallonsa ba.

Da rani ana hawa Kan Mujiya ta wata zaftarewar ƙasa a gefensa na yamma, tsakuwa da falalen dutse a miƙe. A hunturu wurin na zama sulɓin ƙanƙara, sai aka samo wani yanke da ke kauce masa. Sunan kare aka sa wa yanken, Brutus, wani ƙaton kare da ya yi ta hawan duwatsun nan da mai shi. Ya fara da bin tsohuwar hanyar da dawaki ke jan gungume, ya karkata ta gefen wani kwazazzabo, sannan ya daina wasa ya fuskanci sama. A nan Baba ya nuna mini wani ɗan ƙarfe a bayan takalmin da ake ɗagawa da kan sanda ya tokare diddige. Da shi ƙafa ke zama a kwance ko da ƙasa na tsaye, sharaɓa ta huta. Duk wanda ya ƙirƙiro wannan ɗan ƙarfe ya san ciwon hawa.

Muna cikin haki muka shiga wani fili na itatuwan birch, masu farin ɓawo da ke ɓarewa falle-falle, a tsaye jere a kan farar ƙasa, rana ta fara dukan kawunansu. Ta tsakaninsu, a ƙetaren kwari, ga dogon tudun Franconia, su Flume da Liberty da Lincoln har zuwa Lafayette mai sama da ƙafa 5,200, iska na kwasar dusa daga kansa tana watsawa sama. Wuri mafi kyau ke nan a duk tafiyar, kuma irin itacen da ke biyo bayan ɓarna ne. Birch ba ya tsirowa a inuwa. Sai an share daji, ko an ƙone shi, rana ta taɓa ƙasa, sannan yake fitowa.

An yi duka biyun a nan. Masu saran Henry kan ɗauki gungume su bar rassa da kawunan itace a zube, su bushe. A watan Agustan 1907 aradu ta faɗa a Kan Mujiya, wuta ta kama wannan busasshen tari, ta yi kwanaki tana ci, ta lashe sama da eka 10,000. Ba ita ce gobarar farko a waɗannan duwatsu ba, ta 1903 ma ta yi ɓarna mai yawa, amma ta ƙara wa masu neman gwamnati ta sa baki ƙarfi. Masu otal-otal sun ga baƙinsu na kallon toka. Masu masaƙun Manchester, waɗanda kogin Merrimack ke juya injinansu, sun ɗora laifin ambaliya da ƙafewar ruwa a kan saran da ake yi a mafarin kogin, kuma Pemigewasset na cikin kogunan da suka haɗu suka zama Merrimack. Da masu kuɗi suka shigo cikin kukan, sai aka ji shi. A 1911 aka sa hannu a dokar Weeks, mai sunan John Weeks, ɗan majalisa haifaffen wannan jiha, wadda ta ba gwamnatin tarayya damar sayen filaye don kare mafarin koguna. A 1918 aka kafa gandun dajin White Mountain. Wannan kwari ya shiga hannun gwamnati a shekarun 1930.

Don haka in na ji ana kiran wurin dajin da hannu bai taɓa ba, sai in yi murmushi. Hannu ya taɓa shi, ya aske shi ƙwal, ya bar shi wuta ta gama. Abin da aka yi masa daga baya shi ne aka ƙyale shi, aka kuma sa doka ta tsare ƙyalewar. A wurina wannan ya fi labarin daji budurwa armashi. Wanda ya tsaya a nan a 1908 ba zai yarda cewa jikansa zai iya ɓacewa a cikin itatuwan wannan gangare ba.

Sama da birch sai dajin ya rikiɗa ya koma na itatuwa masu ganye kamar allura, waɗanda ba sa kaɗewa, kowane reshe ya sunkuya da nauyin dusa. Jakarka ta taɓa ɗaya, ya juye maka kayansa a ƙeya. A nan kuma iska ta yi aikinta cikin dare, ta cike kwarin da mutanen Alhamis suka bari. Hanyar na nan a ƙasa, amma ido ba ya ganinta, sai ƙafa: in ka taka tauri kana kai, in ka ji laushi ka kauce. Muka koma karɓa-karɓa. Na gaba ya yi taku hamsin, ya matsa gefe, ya koma baya ya huta a sawun sauran. Wanda bai taɓa zama na gaba ba ba zai san bambancin ba. Na ukun yawo yake yi, na farkon kuwa kowane taku sai ya ɗaga ƙafa da dusar da ta hau kan takalmin, ya danna, ya jira ya ji inda za ta tsaya.

A nan Baba ya ɓace daga ƙirji zuwa ƙasa. Ƙananan itatuwa kan binne gaba ɗaya, rassansu su riƙe dusa su bar kogo a ƙarƙashi, wanda ya taka sai ya rufta, takalmin kuma ya sarƙe a cikin rassa. Ba mu iya jawo shi ba sai da 'yar ta kwanta rub da ciki ta tona ta kwance masa ƙafa ɗaya. Ya fito fari tun daga gira, yana dariya, yana tambayar ƙarfe nawa.

"Baba, gwiwar fa?" na ce.

"Tana nan inda na bar ta. Wuce gaba, samari, layinka ne."

Da muka hau gadon dutsen sai hawa ya ƙare, saura tafiya a kwance cikin kurmi. Mun wuce wani ɗan buɗaɗɗen wuri da Baba ya ce nan ne tsohuwar ƙololuwa. Shekaru da dama nan kowa ke tsayawa ya ɗauki hoto ya koma, sai a 2005 aka gano cewa wuri mafi tsawo na can gaba, kamar kashi ɗaya cikin biyar na mil zuwa arewa. Ƙungiyar ba ta soke wa na da lissafinsu ba, amma wasu sun sake tattaki don zuciyarsu ta kwanta. An kuma daɗe ana ja-in-ja a kan allo: masu hawa su kafa ɗan katako mai sunan dutsen, ma'aikatan gandun daji su cire saboda dokar wurin ba ta yarda da shi ba, wani ya sake kafawa.

Mun isa saura kaɗan lokacin da Baba ya yanka ya cika. Tsibin duwatsun ma ba mu gan shi ba, yana ƙarƙashin dusa. Abin da ya nuna mana mun zo shi ne wata da'ira da aka tattake, hanya kuma ba ta ci gaba ba. Muka zura manyan riguna nan take, tun kafin gumi ya huce. Dabinon da na zo da shi ya yi tauri sai an tsotsa. Shayin filas ne ya cece mu.

Azahar ta yi. Ruwan da ke gare ni na sha ne, wanke hannu da fuska a wannan sanyi kuwa neman rasa yatsa ne. Sai na tuna Ahalari, littafin da muka karanta a zaure muna yara, inda aka lissafa abubuwan da ake taimama da su, har da ƙanƙara a ciki. A lokacin mun ɗauka cikon lissafi ne, wa zai taɓa buƙatar wannan? Na cire safar hannu, na bugi dusa, na shafa, na mayar da safar da sauri. Baba ya ba ni alƙibla da kamfas ɗinsa, su biyun suka juya suna cin abincinsu har na idar. Sujada da wannan takalmi ba ta yiwuwa, sai da na kwance shi na tsaya a kan jaka da tabarmar roba.

Game da jerin nan na 48, ra'ayina ya rabu. Akwai wauta a cikin mutum mai hankali ya yi tafiyar mil 16 don ya ja layi a kan suna a takarda, na kuma ga waɗanda lissafin ya cinye, ba sa ganin komai sai agogo. Amma ba don jerin ba, babu mai zuwa nan a watan Janairu. Ba za a fasa hanyar ba, ba za a gano yanken tafki ko na kare ba, ni kuma da ba na bin kowane jeri da ban taɓa tsayawa a cikin birch ɗin nan ba. Masu lissafin ne suka tattake mini hanya.

Ba mu yi minti ashirin a sama ba. Gangarowa ta yi sauri, wani wurin a tsaye, wani wurin a zaune. Sai kuma aka koma kan dogo, a nan ake biyan bashi. Mil biyu da rabi na ƙarshe, waɗanda da asuba ba mu ma ji su ba, sun ƙi ƙarewa. Rana ta faɗi wajen huɗu da rabi, muka kunna tocila, zance ya ɗauke. Ƙugu ke ciwo, ba ƙafa ba, saboda wara ƙafar da aka yini ana yi. Hanyar a miƙe take har tocila ba ta nuna wani canji, ga kogi na ta ƙara a hagu, kana ta sa ran gada a kowane lanƙwasa.

A wurin ajiye motoci 'yar ta samu waya ta kama, ta aika wa mahaifiyarta cewa mun fito. Wani saurayi da ke shirin kwana a bayan motarsa ya ga dusar da ta daskare a jakunkunanmu, ya matso ya tambayi inda muka fito. Da ya ji, ya ce shi ma can zai nufa da asuba, shi kaɗai.

"An fasa har sama," in ji Baba, yana fama da maɗaurin da ya daskare. "Ta tafki, sannan ta hanyar kare. Gadar rafi ta ƙarshe na da rami a hagunka in kana shiga, bi ta dama. Sama da birch akwai wani babban rami, nawa ne, kada ka taka kusa da shi. Ka fita kafin la'asar, an ce wata dusar na tafe daren gobe."